Gola Mai Hular Kwano

Tun da aka fara wasan Malam Badaru bai zauna ba. An kawo masa benci, ya ce a ba masu ciwon ƙafa. Ya je bayan raga, ya dawo gefen fili, ya sake komawa. Mutumin da bai taɓa tsayawa kallon ƙwallo ba, ga shi yau yana zagaye fili kamar wanda akuyarsa ta ɓata a kasuwa.

Ɗansa Tasi'u ne golan garin. Wajen kwasar gyaɗa ya faɗo daga amalanke a hanyar Watari, kansa ya bugi dutse, aka yi masa ɗinki a bayan kunne. Likita ya ce ƙashin wurin ya tsage, idan ya sake buguwa kafin ya haɗe, ba lalle yaron ya koma gida da ƙafarsa ba. Da aka ce 'yan kwaleji za su zo daga Ɗanbatta a buga wasan sada zumunci, Badaru ya ce Tasi'u ba zai taka filin ba. Samari suka yi ta sintiri a ƙofar gidansa, don garin ba shi da wani gola. Da suka ishe shi, ya je ya aro hular kwano wurin wani ɗan acaɓa, ya dire ta gaban yaron.

"Da wannan, ko ka zauna a gida."

Malam Kamilu, malamin firamaren da aka ba usur, ya ce doka ba ta san wannan hula ba. Badaru ya yi masa kallo ɗaya. Malam Kamilu ya hura usur aka fara.

Hular ta yi wa yaron yawa. In ya yi tsalle ta rufe masa ido, in 'yan bayansa sun yi masa magana ba ya ji. Kafin a tafi hutu an zura masa uku. Ana dawowa aka ƙara biyu.

Baƙi suka samu abin yi.

"Mai babur! Garin Kunci za ni, nawa?"

"Gola, ka manta mashin ɗin a gida!"

Wannan bai dami Badaru ba, baƙo ya faɗi abin da ya ga dama. Abin da ya ƙona masa rai shi ne da 'yan garin suka juya. Yara da manya suka haɗa baki suna tafi: "Cire kwano! Cire kwano!" Wasu tuni sun juya wa fili baya, sun koma wurin mai rake.

Zailani mahauci, abokin wasansa tun suna kiwo, ya matso yana dariya.

"Badaru, ɗan nan naka gola ne ko kunkuru? An mai da mu abin dariya a garinmu."

"Naka ɗan fa? Ga shi can yana shan rake."

"Shi dai ba a ci shi biyar ba."

Badaru ya bar wurin. Ya sake komawa bayan raga, ya riƙe turke, ya saki. Yana jin numfashin yaron a cikin hular. Ya so ya ce masa wani abu, bai san me ake ce wa gola ba.

Sai aka ɗago wata ƙwallo sama. Wani dogon ɗan kwaleji da suke kira Najib ya taso da gudu zai sa kai, Tasi'u ya fito zai kama. Suka haɗu a sama. Ƙarar ta kai har inda masu rake suke. Najib ya faɗi yana riƙe da goshi, jini na bi ta tsakanin yatsunsa.

Fili ya rikice. Baƙi na ihu a ba gola jan kati, ai makami ya shigo da shi. 'Yan gari na cewa Najib ne ya kawo kansa. Aka fitar da Najib ana danna masa riga a goshi. Malam Kamilu ya nuna fanareti, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Hular nan ta gama wasa. Ko gola ya cire ta, ko ya fita."

Jama'a suka ɗauka da shewa, har da 'yan garin. Tasi'u bai dubi inda ubansa yake ba. Ya kwance maɗaurin, ya tuɓe hular, ya wurga ta bayan raga. Ta gangaro har gaban Badaru. Ya sunkuya ya ɗauka. Ta tsage a gefe, daidai bayan kunne.

Aka ajiye ƙwallo. Wani ƙato ya ja da baya zai buga. Tasi'u ya tsaya tsakanin turaku, kansa a buɗe, tabon ɗinkin yana sheƙi da gumi.

Badaru ya san in ya kira shi ba zai fito ba, ba a gaban wannan taro ba. Kuma bai saba faɗin magana sau biyu ba. Sai ya tattare rigarsa ya shiga fili. Ya sa ƙafa ya ture ƙwallon, ya zauna a wurinta, ya tanƙwashe ƙafafu.

"Baba, lafiya?" in ji Malam Kamilu.

"Lafiya lau. Ku ci gaba."

"Ai a kan wurin bugu kake."

"Na gani."

Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta koma ihu. Ana cewa a ɗauke shi, amma an rasa mai sa hannu. Wa zai ciccibi dattijo mai furfura a gaban garinsu? Ƙaton da zai buga ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah." Badaru ya ce masa, "Allah ya yi maka albarka," bai motsa ba.

Tasi'u ya zo ya tsaya a kansa.

"Baba, ka tashi. Ɗaukar ka suke yi a waya. Gobe duk duniya za ta gani."

"Su ɗauka."

"Ka kunyata ni."

"Na sani."

Malam Kamilu ya dubi rana, ya dubi tsohon, ya hura usur ɗin tashi. Baƙi suka nufi motarsu suna waƙa. 'Yan gari suka watse suna tsaki, wasu har da faɗin abin da ba su taɓa faɗa a gaban Badaru ba.

Da ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Tasi'u ya tsaya yana kallonsa. Can ya miƙa hannu ya ɗaga shi, ya saki, ya yi gaba bai waiwayo ba. Badaru ya kaɗe rigarsa ya bi bayansa.