Ƙasa da Ƙasa

...kuma wane kafinta ne ya ƙera kujerar da in mutum ya ɗaga sai ta naɗe baki kamar ta yi fushi? Sau biyu ke nan tana neman kayar da ita. Ba za ta ƙara motsi ba. Nan za ta zauna, layi na uku a zauren jami'a, jaka a kan cinya, hannu biyu a kan jaka, har 'Yar Gardama ta fito. Jikarta. Wadda ta goya tun ranar da uwar ta shiga asibiti da ƙafarta aka fito da ita a kwance.

Digiri biyu yarinyar ke yi a lokaci guda. Ga goyo, ga ciki. Ta faɗa wa matar mai walda, ta faɗa wa likitan gwiwa, ta faɗa wa direban da ya kawo ta yau, shi da bai tambaya ba. Shari'a, ɗaya. Ƙasa da ƙasa, biyu. Ita ba ta taɓa zama gaban allo ba, to sai me? Wannan ai ba ya neman boko. Ga ƙasarka, ga ƙasar maƙwabcinka, ina iyaka? Ashe har makaranta ake buɗewa don wannan. Ashe ba ita kaɗai aka ci wa gefen gida ba.

Taku uku. Da ƙafarta ta auna, ba da ƙafar wani ba. Marigayi mijinta bai yi wata biyu a ƙasa ba maƙwabcinsu mai bulo ya ja katangarsa taku uku cikin tsakar gidanta, ya haɗiye bishiyar lemon da... hannunsa ne ya dasa ta, da gwangwani yake ba ta ruwa. Ofis mai fanka uku, wani mai tabarau yana turo takarda: dangwala nan, Baba, ba komai ba ne. Ta dangwala. Ita da ba a taɓa cuta ko a ma'aunin gishiri ba, yatsanta ne ya sayar da ita. Shekara goma sha tara lemo na faɗuwa can ɓangaren, tana jin ƙararsa, tim, tim.

Takardar na nan cikin jaka, leda biyu ta naɗe ta. Yarinyar ta ce, Kaka, kotun gwaji ce fa, ɗalibai ne, wasa ne. Wasa? Kotu ba ta wasa. Ga alƙalai har uku can sama, na tsakiyan ma furfurarsa ta fi tata. In an tashi za ta tare shi a bakin ƙofa. Ko a'a... ta bari dai yarinyar ta gama. Shekara biyar aka ce, biyu sun tafi. Saura uku. Ta tambayi gwiwoyinta, sun ce za su kai, in ba a yawaita musu matakala ba.

Ga ta nan. Wayyo, ga ta.

Baƙar riga har ƙasa, kafaɗar ta yi mata yawa, wa ya auna ta? Da an kawo gida da minti goma ta rage. Amma tsayuwar... dubi tsayuwar. Ba ta taɓa teburin ba ma. Turanci ke zuba kamar an fasa famfo, ko kalma ɗaya Kaka ba ta kamawa, kuma ba ta rasa komai. Wannan yatsan da ke sama, nata ne. Wannan shirun da take yi kafin ta sari mutum, nata ne. Tana shekara shida, kwanuka jibge a gindin famfo: Kaka, kin ce ni na ɓata, ina shaidarki? Da ludayi ta bi ta ranar. Yau ga furfura na rubuta abin da bakin nan ke faɗi.

Saurayin da ke ɗaya ɓangaren yana goge wuya da hankici. Goge, ɗana, goge. Ba a fara ba ma.

An haska zane a bango. Kore nan, rawaya nan, shuɗin layi ya ratsa tsakani. To, ga shi. Iyaka. Ba ta faɗa ba? Wancan koren shi ne mai bulo, kana ganinsa ka ga mai haɗama, dubi yadda cikinsa ya turo...

Matar da ke kusa da ita, mai turare kamar ta yi wanka da shi, ta sunkuyo. Uwar mai hankicin ce, hancinsu ɗaya. "Kin gane kuwa, Mama? Ƙasashe biyu ne aka ƙirƙiro, suna rigima a kan kogi. Taki ce ke kare ta ƙasan."

"Ƙasashe."

"Eh mana. Masu tuta, masu sojoji."

"Na sani," in ji Kaka. "Ni na turo ta."

Masu tuta... Ba ƙasar da ake takawa ba? Ba ta shuka ba, ba ta gini ba? Ƙasa da ƙasa. Shekara biyu tana yawo da maganar a unguwa, har ta tsaya a ƙofar mai bulo ta ce masa ya ci lemonsa da sauri. Kuma ja'irar nan ta sani. Ranar da takardar shiga jami'a ta zo, Kaka ta ce mata, wato rikicin fili, yarinyar ta danne dariya har hawaye: kusan haka ne, ƙawata. Kusan haka. Za su haɗu a gida. Ludayin bai ɓata ba.

Amma tsaya. Tsaya tukuna. Ƙasa sukutum? Da sarakunanta da jiragenta da masu ɗamara, in sun rasa yadda za su yi da kogi sai su kira... wannan? Wadda har yanzu ba ta iya ƙulla bakin buhu ba? Dariya za ta yi ko kuka? Ta rufe baki da jaka. Ba a gaban mai turare ba. Wanda ya raba kogi, taku uku me ne a wurinsa? Karin kumallo. Mai bulo, kana ina? Giwa na haifa maka, ni ina tsammanin akuya ce.

Furfura ya yi tambaya, ya kwantar da kai kamar mai ɗana tarko. Yarinyar ta yi shirun nan. Ɗaya... biyu... sare shi, uwata. Ta sare shi. Har alƙalin gefe ya rufe baki da takarda.

Tafi. Ɗakin duka tafi, an kira sunanta, sunan marigayi a ƙarshe, a lasifika, a gaban mutane. Tafin Kaka ya fi na kowa, tafin hannun da ya sha wanki.

"Barka, Mama," mai turare ke faɗi, murmushin bai kai ido ba. "Ai waɗanda suka ci su ake turawa ƙetare. Shekara guda. Wasu ma daga can aiki ke riƙe su."

Ƙetare.

Shi ya sa. Shi ya sa tun watan jiya yarinyar take shafa wa kwalaben magani fenti, ja na safe, shuɗi na yamma. Shi ya sa ta kama yatsanta tana koya mata waya: danna nan kawai, Kaka, ni zan ɗauka. Kaka ta ce mata ina za ki da zan kira ki, ɗakinki ba ga shi ba? Ba ta amsa ba. 'Yar Gardama, ba ta amsa ba, kuma ita ba ta lura ba...

Ba za ta ba. Wa ya ce za ta? Ita ta goya, ita ke da magana. Shekara guda, sai ta zama biyu, gwiwoyin nan uku suka yi alkawari, ba su ce huɗu ba. Katanga na tsaye. Ba za ta ba. Can ma an ce sanyi ne, yarinyar da iskar fanka ke sa wa tari? Sai da riga mai kauri, biyu. Akwatin marigayi zif ɗinsa ya mutu, a kai wa mai gyara gobe, kada a bari sai ranar. Takalmi rufaffe. Safa. Man zafi, don ba ta san irin nasu ba. Allura da zare a aljihun gefe, baƙi da fari, kuma a koya mata rage kafaɗa kafin...

Kafin me?

Ga ta can tana hawo matakala bibbiyu, rigar na jan ƙasa, tana neman fuskar kakarta a cikin mutane, murna da tsoro a ido ɗaya. Kowa ya miƙe. Kaka na zaune. Yaushe ta fara haɗa mata kaya? Ba wanda ya tambaye ta ma tukuna... har ta kai ga safa.