Shuɗin Hijabin Bilkisu

Hajiya Asabe ba ta son a koya mata Kano. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan take sayar da kunun aya a ƙofar gidanta na Gyadi-Gyadi, har duk wani mai adaidaita sahu da ke bin titin Zariya ya san murfin kularta. Saboda haka da maƙwabciya ta leƙo da hantsi ta ce yau kam a zauna a gida, ana zanga-zangar rigakafi a wajen Tarauni, Hajiya taɓe baki kawai ta yi.

Tun jiya maganar ke yawo a waya. Wai an ɗiga wa wani yaro rigakafi ya kwana da zazzaɓi. Kafin la'asar masu tura saƙo sun kashe shi, kafin magariba sun mai da shi yara rututu. Babu wanda ya san sunan yaron, amma kowa ya rantse a layin ƙanin abokinsa abin ya faru.

Damuwar ita ce Hajiya tana da baƙuwa. Adaobi ce, 'yar aminiyarta Ifunanya, ta taso daga Inugu yawon buɗe ido. Ta hau Dala, ta leƙa marinar Ƙofar Mata, ta ci kilishi har muƙamuƙinta ya yi tsami. Saura abu ɗaya, kuma gobe da safe za ta koma: gidan hayar nan na Tarauni inda aka haife ta, a layin da Hajiya ma ta yi amarci. Uwarta ta roƙe ta ta ɗauko mata hoton ƙofar gidan. Uwar kuma, tun kafin ta sako 'yar a mota, ta kira Hajiya ta ce da Hausarta da ba ta tsufa ba, "Asabe, ita kaɗai gare ni. Amana ce."

"Mama, ko mu fasa?" in ji Adaobi, rabi Turanci rabi Hausar koyo.

"Mu fasa saboda 'yan ihun banza? Allah ya kiyaye! Ke dai ki ji abin da zan faɗa miki. Kada ki ɗaga waya a cikin taro. Kada ki yi Turanci da ƙarfi. Inda na sa ƙafa nan za ki sa taki."

Ta dubi yarinyar daga sama har ƙasa: wando, kitson roba har gadon baya. Ta girgiza kai. Akwai dabarar da Hajiya ta yarda da ita fiye da 'yan sanda. Shekarun baya, ranar da wani rikici ya tashi gari ya ɗau hayaƙi, ita ce ta zura wa Ifunanya hijabinta, Adaobi tana jaririya goye a baya, ta raka su har tasha babu wanda ya ce musu uffan. Tun daga ranar take cewa hijabi ya fi ƙofar ƙarfe.

Ta nufi igiyar shanya ta fizgo wanda hannunta ya fara taɓawa. Shuɗi ne, na 'yarta Bilkisu, ya bushe tsaf. Ta zura wa Adaobi ta gyara mata haɓa. Sannan, tun da ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, ta jera gorunan kunun aya a ƙaramar kula mai igiya ta zuba ƙanƙara. Adaobi kuwa 'yar tarbiyya ce, ba za ta bar babba da kaya ba. Ta karɓe kular ta rataya a kafaɗa.

To, jama'a, a garin nan ko yaron goye ya san wace ce mace mai shuɗin hijabi da akwatin sanyi a kafaɗa. Hajiya da kanta take wanke wannan hijabin duk lokacin da Bilkisu ta dawo daga zagayen ɗiga wa yara rigakafi. Sabo ne ya rufe mata ido. A wurinta hijabin Bilkisu ne kawai.

Ɗan'azumi mai adaidaita sahu ya kwashe su. Kafin kasuwar Tarauni suka tarar an tare titi da tayoyi da bencina, ana jiyo ihun mutane daga can gaba. Ya taka birki ya ce, "Hajiya, iyakata nan. In kin ji tawa, mu juya."

"Jira mu a gindin dalbejiyar can. Yanzu za mu fito."

Suka kutsa lungu. Hajiya ta gane gidan tun daga nesa, ko da yake an sake fenti an sa ƙofar ƙarfe, an kuma rubuta BA SHIGA da jan fenti a gefen soron. Adaobi ta tsaya cak. Ta miƙa hannu tana shafa bangon, daidai wurin da masu rigakafi suke yin alamarsu da alli. Yaran layin, da ba sa ganin baƙuwar fuska su ƙyale, suka kewaye ta. Ita kuma ta durƙusa tana musu murmushi, kula a kafaɗa.

"Ga su nan! Ga 'yar rigakafi!"

Daga bakin lungu muryar ta fito. Hajiya ta waiga ta ga samari suna kwararowa, wasu da sanduna. Ta juyo ta dubi Adaobi, sai a lokacin ta ga abin da kowa yake gani. Innalillahi! Da hannunta ta shirya 'yar mutane ta kawo ta.

Ba ta tsaya sallama ba. Ta finciki Adaobi suka faɗa soro, suka wuce tsakar gida. Matar gidan, wata matashiya mai suna Sadiya, tana tankaɗe. Tana ganin shuɗin hijabi ta saki rariya ta janye ɗanta bayanta.

"Ba na so! Maigidan ya ce kada a ɗiga masa komai!"

"Babu mai taɓa ɗanki, 'yar nan," in ji Hajiya tana haki. "Baƙuwa ce. A ɗakin can na kusurwa aka yanke mata cibi. Mun shigo gidanki, sai ki yi yadda kika ga dama da mu."

Sadiya ta dubi Adaobi, ta saurari hayaniyar da ta cika ƙofar gida. Sai ta tura mata kujera 'yar tsugunne da ƙafa.

A waje samari sun yi cincirindo, amma sun tsaya a bakin soro. Duk zafin kansu, babu wanda yake son a ce shi ne ya fara keta gidan matan aure. Hajiya ta san wannan kunyar ba za ta daɗe ba. Mutum ɗaya ya tsallaka, shi ke nan.

Ta cire hijabin daga kan Adaobi. Ta cire nata ruwan toka ta yar a kan tabarma, ta zura shuɗin, ta rataya kula.

"Mama, kada ki fita!"

"Zauna nan, ke."

Da ta bayyana a bakin soro, ihun ya ragu. Wanda ke gaba, riƙe da gora, Murtala ne mai faci na bakin titi, wanda kullum da azahar yake shan kununta. Ya sunkuyar da gorar kaɗan.

"Hajiya, ba da ke muke ba. Ki fito mana da yarinyar."

"Ga hijabin, ga akwatin. Ba su kuke nema ba? To ga ni."

Ta ɓalle murfin kular ta juye ta a ƙasa. Gorunan kunun aya suka gangara har ƙafafunsu, ƙanƙara ta watse. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wani ya daka masa tsawa.

"Baƙuwata ce, daga Inugu ta zo ganin garinku. Ni na sa mata hijabin don kada 'yan iska su dame ta. Ashe 'yan iskan da sanduna suke yawo."

Da ta tsaya a nan, da wataƙila sun watse. Amma wani dogo mai jar hula ya ce, "To hijabin na wane ne? A ina kika samo shi?"

Ƙarya tana bakin harshenta: na gwanjo ne, a kasuwa na saya. Sai ta ji wani baƙin ciki ya taso mata. A garinta, a layin da ta yi amarci, ita za ta tsaya tana ɓoye sana'ar 'yarta kamar ta sata?

"Na 'yata ne, Bilkisu. Ita take ɗiga wa yara, ni nake wanke mata shi. Jikokina duka an ɗiga musu. Wanda ya ga dama ya zo Gyadi-Gyadi, kowa ya san gidan."

"Hajiya, ɗana yana kwance da zazzaɓi tun shekaranjiya," in ji Murtala.

"Allah ya ba shi lafiya, Murtala. Wallahi na tausaya maka. Ka kai shi asibiti, ka yi duk tambayar da za ka yi. Amma gorar nan, kan wa za ka sauke ta ya warke?"

Daga ina dutsen ya fito, babu wanda ya gani. Ya sami Hajiya a saman gira. Ta yi taga-taga ta dafa bango, jini ya gangaro ya shiga shuɗin hijabin. An jefi tsohuwa, a ƙofar gidan mutane, kowa yana kallo. Murtala ya juya ya fuskanci taron da gorarsa yana cewa, "Wane ɗan iskan ne? Wane ne?"

Hajiya ba ta goge jinin ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Ada! Fito!"

Adaobi ta fito, Sadiya tana biye da ita riƙe da hijabin nan ruwan toka, tana ƙoƙarin yafa mata. Hajiya ta karɓe shi ta saɓa a kafaɗa.

"Bar ta haka. Na taɓa fitar da ita daga layin nan a ɓoye, ba zan sake ba. Ke, ɗaukar wa uwarki hoton."

Adaobi ta ɗaga wayar da hannu biyu. Ta ɗauki ƙofar, da jan rubutun, da gorunan kunu a ƙasa. Sannan Hajiya ta kama wuyan hannunta suka nufi bakin lungu, ba sauri ba gudu. Samari suka dare. Wasu suna ƙunƙuni, amma babu wanda ya ɗaga ido ya dube ta.

Ɗan'azumi yana ganin fuskarta ya saki salati, ya ja babur ba tare da ya tambayi komai ba. Suka hau titi. Adaobi tana kuka tana danna mata gefen hijabin a goshi. Wayar yarinyar ta yi ƙara, uwarta ce. Hajiya ta karɓe.

"Asabe! Na ji ana rigima a Kano. Ina Ada?"

"Ga ta nan kusa da ni. Ko ƙwarzane babu."

"Ke fa? Na ji muryarki wani iri."

Hajiya ta dubi jinin da ya ɓata gaban hijabin. Gobe Bilkisu tana da zagaye.

"Ni lafiyata ƙalau," ta ce. "Wanki ne kawai yake jirana."