Inda Manaja Ya Zauna

Tun kafin kowa ya san abin da ke ƙarƙashin kafet ɗin falon nan, Baba Na-Riga ya gani, kuma da tafin ƙafa ya gani. Mutumin da mota ta taɓa wurgawa rami ya fito da hularsa a ka, wanda likita ya ce ba zai kai baɗi ba amma ya je ta'aziyyar likitan, shi ne za a ce wai tsufa ya kayar a tsakiyar falonsa?

Faɗuwa kam ya faɗi, goshi ya yi ƙulu. Sai ga autarsa da mijinta, wani mai tumbi da ake kira Manaja, sun zo da magana a dafe: Baba ya rufe gidan nan, ya koma wurinsu, can saman bene inda ko kaza ba ta leƙowa.

"Ba ni na faɗi ba," in ji Baba. "Ƙasa ce ta kauce."

"Baba, ai kowane tsoho haka yake cewa," in ji Manaja.

"Kowane suruki ma haka bakinsa yake? A ɗaga kafet. In katakon da ke ƙasa lafiyarsa lau, ni da kaina zan ɗaure kayana."

Bai yarda a kira ma'aikaci ba. Ya kama kusurwar kafet da filaya ya fizga, ta yi ƙara kamar an yage zane. Ya yanka ta sala-sala da wuƙa, yana naɗewa, Auta tana ja waje. Soson da ke ƙasa ya zama gari. Aka tsinci cokali, da ɗan kunne, da haƙorin da Baba ya daɗe yana zargin ɓera da sacewa. Manaja kuwa yana bakin ƙofa, hankici a hanci, yana ba da umarnin da ba mai ji.

Saura siraran katakon da aka kafa a gindin bango, masu ƙusoshi tsaye kamar haƙoran kifi, waɗanda ke riƙe bakin kafet. Baba ya cusa ƙarfe a ƙarƙashinsu, ya bi da guduma, suna ɓallewa ɗai-ɗai. Da ya iso na gefen taga, bayansa ya ce masa ya isa, sai ya bar na wurin, ya ce a share tukuna.

Auta ta share. Katako ya fito sumul, kamar faranti. Ba rami, ba tudu.

Baba ya dubi wurin da ya faɗi. Ya dubi tagar da yake zama yana tsokanar masu wucewa. A bene wa zai tsokana, tsuntsaye?

"Baba," in ji Auta a hankali, "akwati nawa zan kawo?"

Manaja ya cire hankici, ya shigo yana taku ɗai-ɗai kamar mai duba filin da ya saya. "Ka gani ko, Baba? Nan ne fa ka faɗi? Nan?" Ya ɗaga ƙafa ya dira.

Katako ya ce ɓurum! Gara ta cinye cikinsa tas, fatar kawai ta bari. Ƙafar Manaja ta shige har idon sawu, tumbi ya rinjaye shi baya, ya zauna daram a kan ƙusoshin gefen taga. Ihun da ya yi, mai shagon ƙarshen layi ya rantse ya ji.

Baba bai yi dariya ba, shi mutum ne mai kunyar suruki. Ya gyara hula ya ce, "Auta, mijin nan naki ya tsufa. Haɗa masa kaya, ki mayar da shi bene."

Kafinta ya sake katako. Baba yana nan a tagarsa, Manaja kuwa ya jima yana cin abinci a tsaye. Wancan siririn katako an rataye shi a falo, da zaren wandon Manaja a jikin ƙusoshin. Duk wanda ya ce ƙarya ne, ƙofa a buɗe take: ya zo Baba ya sauko masa da shi, ya zauna ya gwada.