Ƙunar da Ismaël Ya Kawo Bronx

Kwana goma sha tara Zuhura ta yi ba ta ji muryar ƙaninta Faruƙ ba. Tana zuwa aikinta na jinya a wani asibiti a Bronx, tana dawowa ɗakinta a University Heights, waya na hannunta ko a bakin murhu.

Faruƙ zabiya ne. Tun yana ƙarami a Zariya, rabin awa a tsakar gida da rana ta ishe shi ya koma ja wur, ya kwana yana kuka. Da mahaifiyarsu ta rasu, Zuhura ce ta ci gaba da rainonsa har aure ya kawo ta Amurka. Ya girma, ya koyi gyaran kwamfuta, sai wani gyambo ya fito masa a kunne ya ƙi warkewa. Sau biyu ta nema masa biza don ya zo a duba shi, sau biyu aka hana. Bai yi shawara da ita ba ya bi hanyar da samari ke bi don shiga Amurka ta ƙasa. Sai kiransa ta gani daga Meziko.

"Faruƙ, ka san abin da ke gabanka? Hamada ce fa! A watan Yuli!"

"Yaya, tafiyar awa biyu ce kawai aka ce. Ga malafata, ga man shafawa cike da jaka. Ki dafa min miyar kuka."

Iyakar maganarsu ke nan.

Ranar wata Asabar da hantsi, Barmo, wani dattijo mai sayar da turare a titin 125 a Harlem, ya buga mata waya. Ya ce akwai baƙo daga Damagaram da ya sauka jiya, yana yawo da sunanta a 'yar takarda, lambar wayar ta goge. Bayan azahar ya kawo shi har gida.

Ismaël sunan baƙon, dogo ne baƙi, zai yi shekara talatin. Da ta ba shi kujera sai ya zauna a bakinta, ya ƙi jingina. Ya karɓi ruwa bai sha ba.

"Hajiya, tare muka ƙetare da Faruƙ," in ji shi. "Sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa."

Zuhura ta yi salati. Ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Barmo ya fara addu'a a hankali. Da ta iya magana, cewa ta yi, "Faɗa min duka. Kar ka rage min komai."

Ismaël ya ce masu yi musu jagora sun kai su gindin katangar iyaka da asuba, suka ce kowa ya yar da jakarsa don kafar da za a bi ƙarama ce. Faruƙ ya roƙa, aka fizge tasa aka jefar. Wajen kutsawa ƙarfe ya yage masa riga daga kafaɗa har ƙugu, malafar kuma ta faɗa ta can baya, ba damar komawa. An ce musu su miƙe, motar jami'an tsaro za ta same su. Suka ɓata hanya.

"Ni ɗan Sahara ne, Hajiya, na yi Agadas, na san rana. Amma ban taɓa ganin ta ci mutum da sauri haka ba. Da ƙarfe tara muka fito fili, babu itace sai ƙaya. Kafin mu yi tafiyar minti ashirin wuyansa ya yi ja. Kafin sha ɗaya kafaɗarsa duk ta yi bororo. Idonsa ba ya buɗuwa, ni nake jan hannunsa."

"Bai ce komai ba?"

"Yana ta ba ni haƙuri wai ya hana ni sauri."

Ismaël ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa masa a kai da wuya. Sauran mutanen suka yi gaba neman taimako. Ruwansu ya ƙare da azahar. Faruƙ ya daina gumi, ya fara kiran sunayen mutanen da ba sa wurin. Ismaël ya kwantar da shi, ya durƙusa a kansa ya yi masa inuwa da jikinsa, yana laƙƙana masa kalmar shahada. Da la'asar motar ta iso. Faruƙ ya riga ya cika.

Zuhura ta daɗe tana kallon yadda baƙon ke zaune a takure. Ta share fuska ta ce, "Juya min bayanka."

"Ba komai, Hajiya, an sa min magani a can."

"Ni ma'aikaciyar jinya ce. Juya."

Rigar ta manne da ciwon, sai da ta jiƙa ta da ruwan ɗumi ta yanka da almakashi. Daga wuya har tsakiyar baya fatar ta saluɓe, wani wurin ya fara kamewa, wani yana ruwa. Barmo ya kau da kai.

"Ni na ɗauka baƙin mutum ba ya ƙonewa," in ji Ismaël.

"Yana ƙonewa. Ya dai fi daɗewa."

Ta wanke ciwon, ta shafa magani, ta naɗa bandeji, hawaye na zuba tana gogewa da kafaɗa don kar su ɗiga masa. Sannan ta shiga ɗaki ta kira mahaifinsu a Zariya. Da tsohon ya ji, sai ya tambaya ko an yi wa yaron sutura.

Ba a yi ba. Gawar na can a ajiye a Arizona, jihar da suka ƙetaro ta cikinta. Sai da aka yi sati biyar ana cike takardu, da taimakon mutanen masallacin unguwa, kafin aka kawo shi. Aka yi masa salla ranar Laraba, aka binne shi a maƙabartar Musulmi a New Jersey. Ismaël ya dage sai ya kama makara, ko da yake kafaɗarsa ba ta gama warkewa ba, kuma shi ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Daga baya Barmo ya sama masa aiki a wani shagon kayan abinci a Harlem. Zuhura ta koma asibiti bayan kwana goma. Ta roƙi shugabarta a ɗauke ta daga sashen masu ƙuna zuwa wani lokaci, aka mayar da ita wajen tsofaffi.