Injin Baballe da Ƙaurin Mai Jego

A shekarar da ciwon bushiya ya kwantar da shanu, wato 1983, Kubra matar Uba makanike ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta, a wani ƙauye da ke bakin babbar hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Haihuwa ta zo da sauƙi, uwa da ɗa lafiya lau. Abin da ya hana Uba sakat shi ne ƙauri, wato kai da ƙafafun bijimi da miji yake aikawa kafin suna, a dafa da yaji su yi luguf, mai jego ta ci ta mai da jiki, a rarraba wa dangi da maƙwabta. Ga shi kuwa mahautan Kura sun rage yanka, ɗan wanda suka yanka kafin ka je an yi wawarsa.

Ana cikin haka sai ga Baballe da sassafe a rumfar Uba, ya diro buhu a ƙasa yana washe baki. Baballe ɗan kawun Uba ne, taubashinsa, sana'arsa sare itace da wani inji mai sarƙa da ya samu a hannun ɗan kwangila tun lokacin da ake share daji ana yanka gonakin ruwa. Mutum ne da bai ɗauki komai da zafi ba. In ka ce masa gidansa ya kama da wuta, sai ya tambaye ka ko ka taho da dankali.

"Bawana, daina zare ido, na fitar da kai," in ji Baballe. "Kai guda da ƙafa huɗu, jiya da la'asar na sauke su a gidan Inno da sunanka. Har albarka ta sa maka. Yau da azahar za a raba. Ni ba na son komai, injina kawai za ka tayar mini."

Inno ita ce mahaifiyar Kubra. Uba ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka.

"A ina ka samo?"

"Wani Bafulatani na yi wa aiki wajen Kadawa."

Uba bai ƙara tambaya ba. Daɗi ya rufe masa baki, kuma gaskiyar magana ba ya son jin abin da zai rage masa daɗin.

Ya zazzage buhu. Injin ya zo tsirara, an cire masa sarƙa da takobin ƙarfen da take zagayawa, an wanke shi tas da omo, gatan da Baballe bai taɓa yi wa rigarsa ba. A gefe ga ɗan kwali na kayan gyara da ya sayo a Sabon Garin Kano: fistin sabo, da ringi, da gaskit, da filogi. Uba ya ja igiya ya ji ta ƙi motsi. Ya shimfiɗa tsumma, ya kwance murfin sama, ya sauke salansa, ya zare kusoshin silinda ya ɗaga ta a hankali. Fistin ɗin ya ƙone ya yi zane-zane, ringin ya manne a jikinsa.

"Fetur tsura ka ɗura masa, ko? Na sha gaya maka wannan ba injin ban-ruwa ba ne, sai an gauraya da baƙin mai."

"Wallahi na gauraya."

"To zafi ne ya kashe shi. Iska ba ta shiga."

Ya sa tsinke tsakanin haƙarƙarin silinda, inda iska take bi ta sanyaya inji, ya ƙwaƙulo wani abu fari-fari mai maiƙo, ya daskare kamar kyandir. Ya murza shi a yatsa ya ji tsakuwa-tsakuwa.

"Ƙaro ne," in ji Baballe da sauri. "Gawo na kayar."

"Yaushe gawo ya fara irin wannan ƙaro?"

"Na Kadawa yana yi, ruwa ya yi masa yawa."

Akwai wani ɗan wari da yake taɓa hancin Uba tun ɗazu, ga kuma manyan ƙudaje koraye suna sauka a kan tsumma. Amma lokacin tumatir ne, an jibge ruɓaɓɓe a bayan rumfa kamar kullum, sai ya ɗora laifin a kansu ya ci gaba da aiki.

Uba yana son irin wannan aiki, ba don kowa ba, don kansa. Ya goge cikin silinda da sanfefa mai laushi har zanen ya kwanta, ya ɗauraye da fetur. Ya buɗa sabon ringi da farce ya zaunar da shi a gurbinsa, yana riƙe numfashi, don abu kaɗan ke karya shi. Ya ɗora fistin, ya soke shi da sandarsa, ya maƙala 'yan ƙarafan da ke tare ta. Ya shafa mai, ya shimfiɗa gaskit, ya matse ringin da yatsu ya zura silinda har ta zauna daram. Yana ɗaure kusoshi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, yana hango Kubra da kwano a gabanta. Ya mayar da salansa, ya murɗa sabon filogi, ya haɗa mai ya zuba, ya ja igiya.

Injin ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama da wata irin ƙara da ta tashi awakin da ke kwance a gindin rumfa. Baballe ya daka tsalle. Uba ya bar shi yana aiki don ya ɗau zafi.

Zafin ne ya tona asiri. Da ƙarfe ya gasu, sai wani hayaƙi ya taso mai warin kitsen da ya ruɓe aka soya, wari mai shiga maƙogwaro ya zauna. Wani ruwa rawaya ya fara ɗiga daga gefen injin, daga bayan faifan ƙarfen da ke jan sarƙa, wurin da omo da tsumman Baballe ba su kai ba. Uba ya kashe injin.

"Ai ya tashi, kawo shi haka nan," in ji Baballe, ya miƙo hannu.

Uba ya ture hannun. Ya sa sifana ya kwance faifan ya juya shi. Bayansa cike yake dam da kitse, da jan gashi a cukurkuɗe, da garin ƙashi. A cikin wannan taɓo tsutsotsi ne farare, wasu zafi ya dafa su sun miƙe, wasu suna ta mutsu-mutsu suna neman hanyar fita. Ɗaya ta faɗo masa a bayan hannu.

Ya yar da faifan, ya ruga bayan rumfa ya amayar da kokon da ya sha da safe a kan tumatirin mutane. Ya dawo yana goge hannu da ƙasa, yana ƙara gogewa, ƙyama ta hana shi ko kallon yatsunsa.

"Baballe, me ka yanka da injin nan?"

Baballe ya sosa ƙeya ya yi dariya. "Kai dai ka cika tsantsani. Shanu ne birjik a kwance bayan Kadawa, Fulani sun kora ragowar sun tafi sun bar su. Ungulu za a bar wa duk wannan arziki? Masu balangu na hanyar Zariya suna karɓa, ba sa tambaya. Da gatari sai ka wuni a kan ɗaya, da inji kuwa kafin ka ƙifta ido."

"Wa ya yanka su?"

"Ciwo ya yanka su mana."

"Wanda ka kai gidan Inno fa?"

"Haba, kai ma ka san ba zan cuce ka ba. Zaɓa na yi. Cikinsa bai ma kumbura sosai ba."

Wannan "sosai" ita ta fi komai ƙona wa Uba rai. Mushe, na ciwo, aka dafa wa matarsa mai shayar da ɗanyen jariri, kuma da sunansa. Ya dubi ɗan kawunsa, wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya tun suna yara, ya ji ko inuwarsa ba ya son ta taɓa shi. Ya kwance sabon filogin ya cilla shi can cikin kwata. Ya san wauta ce, gobe Baballe zai sayi wani, kuma aikin da ya yi mai kyau ne, injin zai daɗe yana yanka. Wannan ma ya ƙara masa takaici.

Ya haye kekensa. Baballe ya biyo shi da murya: "Wuta tana kashe komai! Ka dai tuna sunanka aka kai, ba nawa ba!"

Rana ta take tsaka. Uba ya bi gefen hanyar ruwa yana taka keke kamar zai karya shi, gonakin alkama da albasa suna wucewa bai gan su ba. Abu ɗaya ne a ransa, ya isa kafin Kubra ta kai loma baki. Sai dai yadda zai faɗa ne ya dame shi. Tun da ya auri Kubra bai taɓa ɗaga ido ya kalli Inno ba, bai taɓa yi mata maganar da ta wuce gaisuwa ba. Yau kuma zai buɗe baki ya ce mata mushe ya aiko.

Yana karyo kwanar ƙauyen ya ci karo da 'yan mata sun jero, kowace da rufaffen kwano a ka, suna rarrabuwa gida-gida. Ƙamshin yaji ya cika lungu. Ya ƙara taka keke.

Ya jingine keke, ya yi sallama a zaure. Inno ta fito tana gyara mayafi, hannunta duk maiƙo. Uba ya durƙusa ya kafa ido a ƙasa. Ta fara gaisuwa ba gaggawa: ya hanya, ya aiki, ya mutanen Kura, ya ƙarin nauyi. Yana amsawa zufa tana bin bayansa.

"Inna," ya ce da ƙyar, "naman nan da aka kawo... don Allah kada mai jego ta ci. Ban gan shi ba aka kawo. Ba yankakke ba ne."

Inno ta waiga cikin gida inda mata suke ta hayaniya, ta matso kusa ta rage murya.

"Tun da na ɗora ƙafar farko a wuta zan babbake gashi na sani. Na yi ƙaurin 'ya'yan mutane da yawa a garin nan, hancina bai mutu ba. 'Yata ba ta ci ba. Kazata na sa aka yanka mata, na ce cikinta bai yi ƙwarin da zai ɗauki ƙafar bijimi ba."

Uba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har idonsa ya kawo ruwa. Ya gode wa Allah, ya gode wa tsohuwa.

"To Inna, sai a kira yaran nan su dawo da kwanuka, a haƙa rami a zubar."

"A zubar da me? An kusa ganin gindin tukunya." Muryarta ta yi kauri. "Na wanke shi da kanwa, na zuba masoro da kanumfari da citta har sai da ni ma na daina ji. Duk matan unguwa sun ga shigowar buhu. So kake a ce 'yata ta yi haihuwar fari ba ƙauri? Ko so kake a ce mijinta mushe ya aiko, a riƙa nuna ɗan nan da baki har ya yi gemu? Kai ka aiko, ni na rufa maka asiri. Tashi ka tafi, kada in ji wannan magana a bakin kowa."

Uba ya tashi ya fita. Ƙyamar da ya baro a rumfa ta dawo masa sabuwa, wannan karon bai san inda zai ajiye ta ba.

A ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, Malam Sada ladanin garin yana zaune a kan buzu, tsoho mai tsantseni wanda ko goron da bai san asalinsa ba ba ya ci. Kwano ne a gabansa. Ya kafa baki a ƙashi yana zuƙar ɓargo, romo yana bin farin gemunsa.

"A'a, uban jariri! Zo nan, zo nan," ya ce. "A wannan shekara ka samo irin wannan? Kai, ka fita kunyar surukai."

Ya suɗe yatsu, ya ɗaga tafukansa masu maiƙo sama. Dole Uba ya durƙusa ya ɗaga nasa.

"Allah ya raya abin da aka samu. Yadda ka ciyar da mu, Allah ya ba ka ikon ciyar da shi da halal."

Uba ya buɗe baki. Saura kaɗan ya faɗi gaskiya. A bayansa ya ji motsin mayafi a bakin zaure, Inno ba ta koma ciki ba. Daga can cikin gida jaririn ya tsala kuka.

"Amin," in ji Uba.

Malam Sada ya shafa addu'a a fuska, ya sake mai da hannu cikin kwano.