Tukunyar da Iya ke Kifawa

"Kai ne macucin! Kai mai dogon wuya, fito daga bayan kwalayen nan, na gan ka!"

Da wannan Iya ta faɗa shagon masu haɗa intanet, tana nuna Dogo da sanda, ga mai shagon tsaye da baƙi biyu. Ta ce ya shiga gidan ɗanta ya dasa musu ruɓaɓɓun kaya, ya sha ruwan sanyinsu, ya kaɗa riga ya tafi. Ta ce saura ƙiris a kori surukarta daga aiki saboda shi. Dogo ya buɗe baki, ta ce ya rufe, ba sa'arsa ba ce. Kafin ta juya, mai shagon ya karɓe jakar aikin Dogo, ya ce ya zauna a gida sai an bincika.

Gidan ɗan Iya mai tsawo ne, ga kaurin bango. Falo a gaba, ɗakin Iya a tsakiya, can ƙurya ɗakin da surukar ke zama da kwamfuta tana amsa kiran abokan cinikin wani kamfani. Waifai ba ya kaiwa can. Shi ne Dogo ya kawo 'yan na'urori uku farare, kowace kamar gwangwanin madara: uwar a falo, ɗaya a ɗakin Iya, ɗaya a ƙurya. Ya ce kowace tana miƙa wa ta gaba, kamar leburori na miƙon bulo. Sati guda abu ya yi kyau. Daga nan kullum ƙarfe biyu na rana sai ya ɗauke wa surukar, ana tsakiyar magana. An kashe an kunna, an sauya waya, an sake lambar sirri. A banza. Ranar da Iya ta iske surukar na kuka da takardar gargaɗi a gabanta, ranar ta ɗauki sanda. Ba ta yi boko ba, amma a ganinta ta san cuta in ta gan ta.

Kwana biyu bayan haka Dogo ya zo gidan da ƙafarsa, hannu biyu, babu jaka. Ya roƙi maigidan, ɗan Iya, ya ara masa wayarsa, wadda ke nuna lafiyar na'urorin, ya ce zai zauna har ƙarfe biyu ya gani da idonsa. Iya ta wuce shi a falo ta yi tsaki.

Ƙarfe biyu lokacin wankanta ne da shafa maganin baya. Ta shiga ɗaki, ta murza makulli, ta harari abin da ke kan teburin gefen gado da 'yar fitilarsa mai ƙiftawa. Wannan ido ba ta taɓa gaya wa kowa damuwarsa ba. Tun satin farko ɗan nata ya kira ta daga ofis yana dariya: "Iya, na ga kin bar falo kin shiga ɗaki. Au, ga ki kin nufi kicin!" Ta tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce na'urar ke nuna masa. Tun ranar jikinta ya yi sanyi. Ita da ta haife shi, ta tuɓe a gaban abin da ke kai masa hoto? Kuma da wane baki za ta yi masa wannan magana? An ce kada a zare wayar wuta, ba ta zare ba. Sai dai ta jawo babbar tukunyar ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta kifa ta a kan abin, kamar kullum.

Ba ta kai ga banɗaki ba aka ƙwanƙwasa.

"Iya, buɗe. Dogo ya ce na'urar ɗakinki ce ta ɗauke yanzun nan," in ji ɗanta.

Ta ɗaura zani, ta yafa mayafi, ta buɗe da faɗa a bakinta. Su uku ne a ƙofa. Babu wanda ya dube ta. Duk tukunyar suke kallo, da farar wayar wuta da ta leƙo ta ƙarƙashinta kamar jelar ɓera.

Ɗan ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Iya! Intanet ɗin kike dafa mana?"

Dogo bai yi dariya ba. Ya nemi izini, ya cire takalmi, ya ɗaga tukunyar a hankali ya ajiye ƙasa. Ya duba wayar. Bayan ɗan lokaci ya ce ta ƙurya ta dawo.

"Mama, ƙarfe yana toshe ta. In ta tsakiya ta toshe, ta ƙurya ba ta da mai miƙa mata."

"Ido ne da ita," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa. "Tana ganin mutum."

"Wallahi ba ta da ido, Mama. Riƙe ki duba." Ya ɗora mata a tafin hannu. Ta juya ta, ta sake juyawa. Roba ce mai ɗumi, ko huda babu. "Wayarki kawai take ji. In kin sa ta a aljihu kin canza ɗaki, sai ta nuna wayar ta koma kusa da wata na'urar. Iyakar abin ke nan."

Iya ta ji kamar an zare mata zani a tsakiyar titi. Surukar ta sunkuyar da kai, ta gane abin da tsohuwar ke ɓoyewa, kuma wannan ganewar ta fi dariyar ciwo. Ga Dogo a durƙushe yana mayar da na'urar mazauninta, bawan Allah da ta kira macuci a gaban maigidansa.

"Sun mayar da kai aiki?"

"Tukuna, Mama. Matata ma ba ta sani ba. Kullum fita nake da safe kamar mai zuwa shago."

Ta so ta ce ya yafe mata. Sai ta juya kan ɗanta, wanda har yanzu yake share hawayen dariya.

"Kai, rufe mini baki. Ka sa abu a ɗakin uwarka ba ka tambaye ta ba. Ka kira ni ka ce kana ganina, ka kashe waya kana dariya, ka bar ni sati uku ina wanka a tsorace. Ɗauko makullin mota. Ni zan tsaya gaban mai shagon in ce ni na yi wa wannan bawan Allah ƙazafi, da bakina zan faɗa. Amma kai ma sai ka tsaya kusa da ni ka faɗi wanda ya sa ni ɗaukar tukunya. Yanzu, ba gobe ba. Tashi ka amsa naka."