Sanyin Ƙafar Usaini

Gidan Malam Lado a Barkiya ba su rasa gero ba, ba su rasa nono ba. Shi ne da matarsa Huseina da 'ya'yansu biyu, Hafiza mai shekara tara da ƙanenta Usaini da ba a daɗe da yaye shi ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu ba kowane sanyin jiki ne sauƙi ba.

Usaini ya wuni ya kwana yana zawo da amai, jiki kamar garwashi. Da hantsi Hafiza ta taɓa ƙafarsa ta ji sanyi, kukan ma ya daina. Ta ruga ta yi wa uwarta albishir zazzaɓi ya sauka. Huseina ta ce duk da haka su je Kurfi a karɓo magani, tunda Lado ya riga ya kira mai babur.

A asibiti Huseina ta zauna ƙarshen layi da Usaini, Hafiza na gefenta. Har ta bar wata mai yaro yana tsala ihu ta shiga gabanta, ta ce nata ya samu barci.

Ma'aikaciyar jinya, Sista Mabel, ta fito tana bin layin. Ta wuce masu kuka, ta tsaya kan Usaini. Ta taɓa hannunsa, ta danna farcensa ya yi fari, ta saki, jinin ya daɗe bai dawo ba. Bugun jini a wuyan hannu kuwa da ƙyar ta lalubo shi.

"Maman yaro, taso. Ba barci yake ba."

Matan layi suka yi gunaguni, Sista ta wuce da su ciki. A ciki aka lulluɓe shi, aka sa masa robar iska a hanci. Jijiya ta ɓuya, aka sha nema kafin ƙarin ruwa ya fara ɗiga. Hafiza ta tsaya jikin bango, tana tuna albishirinta.

Sista ta kira ta. Ta ce zawo ya ƙarar da ruwan jikin yaron, shi ya sa jini ya janye daga hannu da ƙafa ya koma tsaron zuciya. Ta ɗora hannun Hafiza kan ƙafarsa.

"Riƙe nan, yaya babba. In ta yi ɗumi ki gaya min."

Kafin azahar ɗumi ya dawo. Usaini ya buɗe ido ya callara kuka.

"Yauwa, Alhaji, yi ta yi," in ji Sista.

Hafiza ta gane cewa yaro mara lafiya in ya yi shiru, hannu da ƙafa suka yi sanyi, ba a jiran layi da shi.